Karatun Lai-kuen da Mahaya Biyu na Katako

A cikin jirgin kamun kifi aka haifi Shek Lai-kuen, a mashigin ruwan Shau Kei Wan da ke Hong Kong. Sai da ta fara wayo gwamnati ta ba iyayenta ɗaki a tudu, can sama a wani dogon bene. Abin da suka hau da shi ba yawa: tukwane, tabarmi, da kakanninsu. Mutanen ruwa ba su san rubutu ba a da, saboda haka ba sa rubuta sunan mamaci a allo kamar mutanen tudu. Sassaƙa shi ake yi da katako, ɗan ƙarami, tsawon tafin hannu, a jera shi a kan kantar bango tare da waɗanda suka riga shi. Wanda ya mutu da ƙuruciya a kan doki ake ɗora shi. Babu suna a jiki. Masu rai ne ke riƙe da wane ne wane.

Yayanta Fuk-loi shi ne na farko a zuriyarsu da ya wuce sakandare. Makinsa bai kai na jami'a ba, sai ya shiga kwalejin shekara biyu, inda in mutum ya yi ƙoƙari jami'a take ɗaukarsa ya ƙarasa sauran. Akanta, mai lissafin kuɗi, yake so ya zama. A hutunsa na farko ya bi ubansu kamun kifi, igiyar koma ta naɗe masa ƙafa ta ja shi ruwa. Ba a ga gawa ba. Lai-kuen tana da shekara goma sha biyu a lokacin. Aka sassaƙa shi a kan doki, aka ajiye shi kusa da Baffa Sing, ƙanen ubansu, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana saurayi.

Ita ko da ta gama sakandare sai ta kama aiki a shagon busasshen kifi, tana awo tana ƙunshi. Shekaru suka yi ta wucewa. Ubansu ya rasu. Aka rushe tsohon benen aka mai da su wani, aka naɗe kakannin a jan ƙyalle aka tafi da su. Yanar ido ta rufe wa uwarta ido ɗaya, ta fara cin ɗayan. Hayaƙin turare kuwa ya bi 'yan katakon nan ya mai da su baƙi ƙirin gaba ɗaya.

Lai-kuen ta ba shekara talatin baya sannan ta ce za ta shiga kwaleji. Uwarta ba ta yi musu ba, sai dai ta fahimci abin ta hanyarta. Ta ce, "Madalla. Karatun yayanki za ki ƙarasa masa." Haka Lai-kuen ta ɗauki lissafin kuɗi. Duk sabon littafin da ta sayo sai ya kwana a kan kantar, gaban dokin da ke hannun dama, don Fuk-loi ya fara dubawa kafin ita ta buɗe.

Akwai darasin tarihi guda da ake tilasta wa kowa a shekarar farko. Wata rana malamar, Malama Auyeung, ta haska musu tsohon hoton mashigin, jirage cunkus har ba a ganin ruwa. Ta ce dubban mutane sun rayu a nan sun mutu, amma da ƙyar za ka sami sunan ɗayansu a littafi. Yaran ajin suna ta danna waya. Lai-kuen ta zuba wa hoton ido, tana jin warin kwalta da kifin gishiri kamar a cikin ajin ake shanya shi. Daga ranar lambobi suka daina zama a ƙwaƙwalwarta.

Da shekara ta zo ƙarshe ta je ta sami malamar, ta ce tarihi take so ta karanta a jami'a. Malama Auyeung ta ce mata abin zai yiwu, amma sai ta sauya darussan shekara ta biyu tun yanzu, kafin a rufe zaɓi a ƙarshen mako. "Masu ɗaukar ɗalibai darussan da kika yi za su duba, da makinki a cikinsu. In kika ci gaba da lissafi, ƙofar lissafi kaɗai za ki iya ƙwanƙwasawa."

Ta gaya wa uwarta da safe, suna shan kunun shinkafa. Tsohuwar ta ajiye cokali.

"Tarihi? Labarin matattu ke nan. Ga su nan a kanta, kyauta."

"Inna, shi nake so."

"Ba ni za ki tambaya ba. Karatun ba nawa ba ne, mai shi yana nan zaune."

Aka kunna turare, aka ɗauko 'yan itacen tambaya, guda biyu masu siffar jinjirin wata. In aka jefa ɗaya ya kife ɗaya ya faɗi rigingine, mamaci ya ce e. In duka suka kife, ya ce a'a. In duka suka faɗi rigingine, dariya yake yi, bai amsa ba. Lai-kuen ta durƙusa gaban dokin dama ta ce, "Yaya, ka yarda in bar lissafi in koma tarihi?" Ta jefa. Dariya. Washegari ta sake, dariya. Ɗakin ya fara yi mata nauyi. Ko wanke kwano take yi sai ta ji kamar ana kallon bayanta daga kantar.

Ana gobe za a rufe zaɓi sai ga Gwaggo Tai-ho, ƙanwar ubanta, ta zo da wainar shinkafa a leda. Ta tarar da su durƙushe, ta tsaya tana kallo.

"Matar Yaya, me ya haɗa Sing da karatun boko? Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Dole ya yi dariya."

"Wane Sing? Fuk-loi ne wannan."

"Sing ne. Tun kafin a kawo ki jirginmu nake goge masa ƙura."

"Ni da na haife shi ba zan san ɗana ba?"

"Da wane idon? Ke da kika gaishe da tukunyar fure a bakin lif ɗin bene, kika tambaye ta jikoki."

"Ke kuma da kike kiran jikanki da sunan karen maƙwabta fa?"

Lai-kuen ta yi zaton za su yi dariya kamar yadda suka saba, amma ba wadda ta yi. Gwaggo ta matso ta sa tabarau, ta dubi na dama, ta dubi na hagu. Hannu ɗaya ne ya sassaƙa su, mai hannun kuma ya daɗe da mutuwa. Doki iri ɗaya, hula iri ɗaya, baƙi iri ɗaya. Ta cire tabarau a hankali.

"Wa ya jera su ranar da kuka tare a nan?"

Uwar ta lalubi kujera ta zauna. Can ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "Shekara nawa nake kai masa shayi ina ba shi labari."

Turaren ya ci har rabi. Gwaggo ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "To a tambaye su duka biyun. Ai duk jini ɗaya ne."

Lai-kuen ta sake durƙusawa. Wannan karon ba ta kira suna ba, ta dai faɗi tambayarta gaban dokin hagu ta jefa. Ɗaya ya kife, ɗaya rigingine. Ta maimaita har sau uku kamar yadda aka saba, amsar ba ta sauya ba. Ta gusa gaban na dama ta jefa. Itacen suka buga daɓe suka kife, duka biyun.

Uwar ba ta gani, sai ta tambaya, Gwaggo ta faɗa mata. Tsohuwar ta miƙe ta shafa kantar har ta sami ɗan kofin shayin, ta ɗauke shi daga dama ta ajiye gaban dokin hagu.

"Wannan ne nawa," ta ce. "Fuk-loi bai taɓa hana ki komai ba. Ko kan kifi ke yake bar wa. Tashi ki je ki sauya."

Ta je ta sauya a ranar. Shekara ta biyun ta sha wuya, aiki da safe, aji da yamma, amma makinta ya kai, jami'a ta ɗauke ta a sashen tarihi. Uwarta ta rasu kafin ta gama, tana kiran dokin hagu da sunan ɗanta har ƙarshe.

Kantar tana hannun Lai-kuen yanzu, ita ke kunna turare. Akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba a ranar nan. Ita ce ta ɗauko Fuk-loi daga wurin masassaƙi tana yarinya, a cikin tafin hannunta, kuma duk hanya babban yatsanta yana shafa wani ɗan kulli da ke cikin itacen, a ƙarƙashin gindin dokin. Ɗagawa ɗaya ta isa ta san gaskiya. In za ta goge ƙura, da gashin tsuntsu take bi ta kansu a tsaye inda suke, ba ta ɗaga ko ɗaya.