Liatu da Alwalar Hajiya Nasiratu

Kamil ya ci amanar tsofaffi, kuma lalaci ne ya ja masa. Shi ne shugaban sashe a wani gidan kula da tsofaffi a Mesaimeer, can ƙasar Larabawa. Takardar kulawa ɗaya ya rubuta wa duk wanda ba ya iya riƙe fitsari: famfas dare da rana, khalas, shi ke nan. Bai tambayi kowa ba.

Sista Liatu ce ta tambaya. Shekara goma sha shida ke nan tana sauka daga bas da sassafe, ta bi gado-gado da biro a aljihu, ta durƙusa ta ji abin da kowane tsoho yake so.

A haka ta lura Hajiya Nasiratu ta daina shan ruwa, leɓenta duk ya tsage. Bakanuwa ce da ta tsufa a aikatau, iyalan kafil ɗinta, wato ubangidan da ta yi wa aiki, suka kawo ta gidan.

"Mama, me ruwa ya yi miki?"

"'Yar nan, in sha in jiƙe? Da wane tsarkin zan fuskanci Ubangijina?"

Liatu Kirista ce, amma ranar ta karɓi jadawalin salla wajen Rufa'i mai gadi. Ta rubuta cewa a kai Hajiya banɗaki kafin kowace salla, mace kaɗai za ta taɓa ta, famfas kuwa sai lokacin barci. Da yake lokutan salla suna gusawa, duk mako sai ta gyara takardar. Sau biyu Kamil yana gogewa, wai ma'aikata sun yi kaɗan. Sau biyu tana mayarwa da sunanta a ƙasa, na ukun ta kai wa likita.

Yanzu Hajiya tana shan ruwanta. Rufa'i ya ji tana tsokanarta: "Ke da ba kya salla, kin fi ladan kiyaye lokaci!"

Liatu ta ce, "Yalla Mama, maza tashi, la'asar ta kusa."

Liatu, ke ce kika gane cewa tsoho ya rasa ƙarfin mara, bai rasa bakin magana ba. Uwar marasa gata, mun gode, Allah Ya ba ki mai tambayarki ranar da ƙarfi ya ƙare. Ku kuma masu farin kayan asibiti, ku riƙa tambaya kafin ku rubuta.

Kamil kuwa, da aka binciki takardunsa, an same su iri ɗaya har goma sha tara. An sallame shi.