Taku Goman Inna Malsun

Ƙarfe shida na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, za ka ji 'yar kurar Inna Malsun tana hawa tudun unguwarmu ta Solgoge, taya ɗaya na kuka kamar ya cire. A cikin kurar akwai buhun abincin maguna, da kawunan kifin da tsofaffin abokan sana'arta na kasuwar bakin teku suke tara mata, da flas biyu na ruwan zafi, don a hunturun birninmu na Incheon kafin ka juya baya ruwan kwano ya daskare. Wuri tara take tsayawa. A kowanne ta wanke kwano, ta zuba abinci, ta kwashe ƙazantar da magunan suka yi a ƙofar mutane, sannan ta ƙirga kawuna. Shekara ashirin da uku ke nan tana wannan aiki, ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya ce mata sannu.

Sannu ina? Uwar Ɓarayi muke ce mata. Ni kaina, ba ɓoye-ɓoye, na taɓa kai ƙararta ofishin unguwa saboda kukan muzurai ya hana ni barci. Mai shagon kan kwana kuwa kullum sai ya tare ta yana cewa 'ya'yanta sun yaga masa ledar shara. Wata rana ta ajiye tsintsiya ta dube shi ta ce, "Baban Junho, ɗaure bakin ledar mana. Na san naka ya fi ƙarfin ɗauri." Muka yi ta dariya har da shi kansa, amma ba wanda ya kama mata tura kura.

Abin da ba mu lura da shi ba, kukan muzuran da kansa ya yi sauƙi. Ashe ɗaya bayan ɗaya take kama su da tarko, ta hau bas da su zuwa wurin likitan dabbobi a yi musu fiɗiya, a yanke ɗan bakin kunne don shaida, ta mayar da kowanne lungunsa. Gurgu da makaho da wanda mota ta taka sai ta kai su gidan magunan da ke bayan tashar jirgi, inda wata malamar jinya mai ritaya, Haeran, take riƙe da wurin ita da 'yan sa kai shida. Ranar Laraba da Asabar can Inna take wuni tana wanke kejin maguna, tana gyara akwatunan kifi su zama ɗakunan fakewa daga sanyi. Haeran ta ce mini ba ta taɓa ganin ta zauna ta ci abinci ba, a tsaye take cusa shinkafarta.

Sai aka sayar da unguwar za a gina dogayen benaye. Aka bi gidajenmu da jan fenti, muka tashi ɗaya bayan ɗaya, aka zagaye tudun da langa-langa, aka sa ranar rusau. Kowa ya kwashe tukwanensa da tulunan kimci, kabejin nan namu mai yaji. Maguna arba'in da ɗaya ne ba wanda ya faɗa musu komai. Ita kuwa mage in ta ji rugugi ba guduwa waje take yi ba, ƙara shigewa take ƙarƙashin daɓe ta lafe, gini ya zo ya rufta mata. Tarko kuma ba ya cin wadda ya taɓa ci. Duk Inna ta taɓa kama su, sun san ƙarfen nan sarai, ko kifin gwangwani ka sa a ciki sai dai su zauna nesa suna kallonka. Gidan Haeran ya cika maƙil, bakwai kawai ta iya karɓa, su ma tsofaffin da ake ɗauka da hannu.

Dabara ɗaya ta rage. Mage ba ta bin mutum, kwanonta take bi, shi ma in bai yi nisa da inda ta bar shi jiya ba. Saboda haka Inna ta auna da ƙafarta daga tsakiyar unguwa zuwa gindin dutsen da ke bayan gidan ibada, inda rusau ba zai kai ba. Taku ɗari shida ta samu. Kullum sai ta matsar da kwanukan taku goma, ba ƙari. Kwana sittin ke nan, ita kuma tana da saba'in. Ta roƙi masu aikin suka bar ta ta haƙa 'yar kafa a ƙarƙashin langa-langar.

Inna, ke ce mai tafiyar hawainiya da gangan. Na gan ki da idona kina ƙirga taku da gwiwar da likita ya ce ta ƙare, maguna na biye da ke a nesa, kina yi musu faɗa kamar jikoki. Ranar nan na ji kunyar takardar ƙarar da na rubuta.

Har kwana arba'in da biyar komai na tafiya daidai. Daga nan kwanukan suka fara kwana da abinci. Yau kawuna ashirin, gobe sha biyu, jibi shida. Hankalin Inna ya tashi, ta ɗauka guba aka sa, ta yi ta leƙa kwatoci tana neman gawa. Sai ran na shida da la'asar ta koma can tsakiyar unguwa, inda aka faro tafiyar, ta tarar da su reras, sun kewaye mai gadin wurin, wani dattijo da ake kira Baba Bong. Ya tsuguna ya shimfiɗa jarida, yana yayyanka musu kifi da naman gwangwani, fuskarsa fal murna.

Da ya gan ta ya miƙe ya cire hula ya sunkuya. Ya ce tun ranar da aka kawo shi aiki yake ganin wasu maguna suna zuwa nan da yamma suna kuka, ya ɗauka masu su ne suka tashi suka yar da su. Shi ne yake raba abincin ranarsa da su, da ya ga suna ƙaruwa har ya fara sayo ƙari. Ba wanda ya faɗa masa maganar kwanuka.

Inna ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a kan matakala, sannan ta ce, "Baba, taku ɗari huɗu da hamsin ka mayar mini baya."

Da ya fahimta sai ya sake sunkuyawa. Ya ce, "Yaya, ki zage ni mana. Ki ce wani abu."

"In zage ka a kan me? Shekara ashirin da uku ina neman wanda zai ji tausayinsu a unguwar nan. Yau na samu."

Garin gyaran gira aka rasa ido. Kwana goma sha tara suka rage, ga tafiyar kwana sittin. Suka koma taku talatin da ɗoriya a rana, ita da shi, amma masu ƙarfin hali ne kawai suka bi, matsorata suka tsaya inda suka saba. Haeran ta rubuta wa kamfanin da ya sayi unguwar takarda uku tana roƙon ƙarin wata ɗaya, aka amsa mata da godiya da fatan alheri. Ranar rusau da safe suka shiga gida-gida suna buga murafen tukwane don su koro magunan. Direban katafila ma, Allah ya saka masa, yakan ƙwanƙwasa bango da bakin motar ya jira kaɗan kafin ya ture. Duk da haka abin da Inna ta ji tsoro shi ya faru. Goma sha shida ne suka isa gindin dutse. Goma sha takwas ba a sake ganinsu ba, kuma kowanne ta san sunansa da irin kifin da ba ya ci.

Baƙin cikina shi ne ba a nan abin ya tsaya ba. An riga an shafa jan fenti a unguwanni biyu da ke gaba da mu. 'Yan sa kan Haeran sun koma huɗu, ƙaramarsu ta haura sittin. Inna kuma gwiwa ta ƙi, za a yi mata aiki a wata mai zuwa, daga asibiti 'yarta za ta wuce da ita gidanta a garin Daejeon, gidan da ba a yarda da dabba ba. Da na ce zan rubuta a kanta, tsaki ta yi ta ce in rubuta cewa ta yi asarar goma sha takwas, wannan ce gaskiyar.

To na rubuta, Inna. Amma ke ce kika ciyar da bakin da ba zai taɓa cewa na gode ba, kika share ƙofar waɗanda suke zaginki. Mun gode, duk da godiyar ta zo a makare, bayan unguwar ta zama fili. Ki yafe mana.

Ku kuma masu karatu, ba yabo nake roƙon ku taya ni ba, yabo ba ya cika kwano. Haeran ta manna takarda a ƙofar gidan magunan, layi bakwai, Litinin zuwa Lahadi, ana neman wanda zai riƙa kai abinci gindin dutse in Inna ta tafi. Jiya na je na sa sunana a Laraba, sai na tarar ba layin da yake fili. Baba Bong ya rubuta sunansa a duka bakwai ɗin. Shekararsa saba'in da shida, bas biyu yake hawa kafin ya iso, kuma tun ƙurar rusau tari bai sake shi ba. Na soke sunansa a layi ɗaya na sa nawa. Saura shida.