Littattafan Kawu na Mutanen Sama

Ƙaurin takarda dabam yake da na itace. Shekaran jiya maƙwabcina ya cinna wa tsofaffin jaridu wuta, ina shaƙar hayaƙin sai ga ni a tsakar gidanmu na Fagge, ina yaro.

Lokacin kuɗin mai sun shigo gari, kowa gani yake gobe a aljihunsa take. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bakanike ne a tashar jirgin ƙasa, kuma shi ya fara kawo talabijin layinmu. In ranar wasan mutanen sama ta zo, masu yawo a jirgi daga wannan tauraro zuwa wancan, yara har bakin zaure. Ba ma jin Turancin, kawu ke fassara mana.

Da aka daina nuna wasan, sai ya gano wani mutumin kudu a Sabon Gari mai sayar da tsofaffin littattafai. A wurinsa ya samu littattafan da aka rubuta a kan wasan, da hotunan halittu masu koren fata a bango. Bayan la'asar yakan zauna a kan tabarma da littafi a buɗe, yana juya mana shi da Hausa.

Kada ka zaci yabonsu yake yi. Kullum cikin mita yake. A cewarsa marubutan nan 'yan haya ne, an ba su ɗaki an hana su buga ko da ƙusa. Ba mai mutuwa, ba mai aure, ba mai tsufa. Duk masifar da aka shiga, a shafin ƙarshe sai kowa ya koma kujerarsa. Wani marubucin kuma, in ji shi, bai taɓa kallon wasan ba, shi ya sa yake sa shugaban jirgin surutu kamar dillali. Amma wata na ƙarewa zai koma ya sayo wani.

Ana nan aka ce za a tura shi ƙasar waje ya koyo gyaran sababbin injuna. Har kwat ya ɗinka. Sai tafiyar ta rushe, ba mu taɓa sanin dalili ba. Ya daina fita aiki, ya shige ɗaki yana ta maimaita littattafan, duk ya rame. Amma har a lokacin, in muka taru a ƙofarsa yakan buɗe littafi, kuma a nan kaɗai muke ganin dariyarsa.

Kaka, mahaifiyarsa, hankalinta ya tashi. Ta ce, "Tun da ka kwaso hotunan aljanun nan ba ka ƙara lafiya ba."

Ya ce, "Inna, labari ne kawai. A ciki ne kaɗai nake ganin an gyara abu ya gyaru."

Wata Juma'a aka lallashe shi ya tafi masallaci. Kaka ta kwashe littattafan kaf, ta zuba a murhu, ta barbaɗa turaren tsari, tana addu'a tana hawaye. Wallahi ceton ɗanta take yi, ban taɓa iya jin haushinta ba. Da ya dawo ya daɗe a tsaye yana kallon tokar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sannu da aiki, Inna."

Bayan nan ya koma aiki, ya yi aure, kowa na cewa maganin kaka ya ci. Amma bai ƙara ba mu labari ba. Ya zama mutumin da ake gaisarwa ya amsa, shi ke nan, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu komai yana cikin waya. 'Yata ta nemo mini ɗaya daga cikin littattafan, na zauna na karanta da gilashina. Lami ne, kamar yadda kawu yake faɗa. Na nemi tsohuwa mai sayar da koko a duniyar wata, babu. Na nemi bakaniken da ke zagin injin jirgin yana lallashinsa, babu. Duk abin da muka yi wa dariya ba ya ciki. Ashe kawu ne yake ƙirƙira, littafin riƙe shi kawai yake yi don kada a ce nasa ne. Gida guda muka taru muna murnar ya warke, alhali marubuci muka rasa, kuma ko shafi ɗaya bai bari ba.