Tsinken Tsintsiyar Kawu

Shekaranjiya maigidana ya sayo injin mota da ya yi shekaru kwance a wani shago a Matankari, wai sabo ne, ba a taɓa tada shi ba. Aka ɗora shi a motarmu, muka kamo hanyar Dogon Dutsi. Ba mu yi nisa ba hayaƙi ya turnuƙe mu, na fice da jaririyata ko takalmi babu.

A bakin hanyar nan marigayi Kawu, bakanike, ya faɗo mini a rai. Ina ƙarama nakan kai masa fura gareji. Wata rana na iske shi tsugune gaban irin wannan inji, yana zura tsinken tsintsiya a kowane rami, ƙasar gidan zanzaro na zubowa. Ya dangwalo man injin da yatsa ya sansana.

"Kawu, ba sabo ba ne?"

"Ɗiyata, abin da ya daɗe kwance ba a tada shi da gaggawa. Sai an gaishe shi tukuna."

Da yana raye, da bai bari mun hau ba. Allah Ya sa kwanciyarka hutu ce, Kawu, Ya tashe ka a hankali yadda kake tada injuna.