Ranar Da Na Hana A Ɗaga Ƙanena

Sana'ata kifi ce, kifin banda. Da kwali ɗaya a ka na fara a kasuwar Haɗeja, yau kuwa mota nake lodawa zuwa Kudu, kuma in ban da Allah babu wanda ya ɗora ni a kai. Ni ba likita ba ne, ko firamare ban ƙarasa ba. Amma wanda ya daɗe yana gyaran tarwaɗa ya san abu ɗaya: in ka sare ta a bayan kai, jikin sai ya saki, baki kuwa yana nan yana buɗewa yana rufewa. Kai da ransa, amma jiki ya daina jin maganarsa. Farin zaren nan da ke bi ta tsakiyar ƙashin baya, laka, shi ka datse.

A jikin mutum ma na gani. Wani ɗan dako ya taɓa faɗowa daga saman mota a kasuwarmu. Ina tsaye, da idona na ga yana motsa ƙafafunsa a ƙasa. Jama'a, don tausayi, suka yi caa a kansa, wani ya kama hammata, wani ƙafa, kai yana reto, aka zaunar da shi aka sheƙa masa ruwa. Bai sake takawa ba. Ni na raka shi Kano, kuma a can likita ya yi mini bayanin da ban manta ba. Ya ce ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni, laka ce hanyar da umarnin ke bi ya isa hannu da ƙafa, har da riƙe fitsari, ta nan kuma labarin zafi da sanyi ke komawa sama. Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, da rami a tsakiya, laka na ciki. In gaɓa ta tsage aka kuma jijjiga ta, sai ta goce ta danne lakar. Ya ce ƙashi yana haɗewa, laka in ta yanke ba ta ɗoruwa, kuma gwargwadon kusancin ciwon da kai, gwargwadon abin da mutum zai rasa.

Wata damina da ruwa ya cika fadama har ya shafe hanyoyi, ƙanena yana karɓo mini kifi a hannun masunta ta wajen Auyo. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya, a kan babur yake yini. Da hantsi aka kira ni a waya, wai ya zame a kan 'yar siririyar gaɓar da ke tsakanin gonakin shinkafa, kaya ya rinjaye shi, ya faɗa da ka. Na ce wa mai kiran kada kowa ya taɓa shi. Na ajiye akori-kurata inda hanya ta ƙare, na shiga kwalekwale.

Na tarar da shi rigingine a taɓo, mutane sun kewaye shi. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda ke noma a wajen, shi ne babba a wurin, kuma ya riga ya yanke shawara. Za a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu a kai shi wurin maɗorin ƙauyen gaba. Na san aikin maɗorin nan a kan wuya. Rawani yake sawa a ƙarƙashin haɓa, a danne kafaɗu, ya ja har a ji ƙas.

“Yaya,” in ji ƙanena, “wuyana. Hannuna kamar tururuwa na bi.”

“Motsa yatsun ƙafarka.”

Suka motsa. Na durƙusa a taɓon, na riƙe kansa da hannu biyu, na ce masa ko Sarki ne ya kira shi kada ya waiga.

“To, ga likitan tarwaɗa ya iso,” in ji Baffa. Aka yi dariya. “Tashi ka ba mu wuri mu ɗaga shi, ɗan nan, rana na yi.”

“Baffa, ba za a ɗaga shi ba. A kwance za mu kai shi asibiti, ko da Kano ce.”

“Hannun nan da ka riƙe shi da shi, wa ya ɗora maka da ka faɗo daga mangwaro?”

“Maɗorin ne. Amma hannu ne, Baffa, babu laka a hannu.”

“Tun kakanninmu gidan maɗorin nan ke ɗora mu. Ka ga kuɗi ka raina kowa.”

Wani mai babur ya matso ya sa hannu a hammatar ƙanena. Ban ɗaga murya ba. Na ce masa in ya ja, to ya shirya ciyar da matar mutumin nan da 'ya'yansa, ya kuma shirya zuwa kullum ya juya shi a kan tabarma. Ya dubi Baffa, ya dube ni, ya janye hannunsa.

“Kano da nisa,” in ji Baffa. “In ya cika a hanya, kai za ka gaya wa uwarsa.”

“Ni zan gaya mata.”

“Kuma kada ka sake tako mini gida.”

Wannan ta yi mini zafi, don shi ya tsaya mini a aurena. Amma ban saki kan ba.

Na sa aka ciro ƙyauren katako na ɗakin da wani manomi ke ajiye injin ban-ruwa. Na roƙi Baffa rawaninsa mu ɗaure goshin, ya juya mini baya. Sai na sa aka yage rigata. Masuntan da ke sayar mini da kifi su suka taimake ni, ba don sun yarda da maganata ba, sai don sun san ba na faɗin abu in sake. Muka mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a tare, muka zura ƙyauren. Muka cika huluna biyu da yashi muka tokare kunnuwansa, muka ɗaure.

A kwalekwale na ce wa mai tuƙi ya bi a hankali, ko ciyawar kacala ta tare hanya kada ya yi karo da ita da ƙarfi. Kan ƙanena na tsakanin gwiwoyina har muka haye. Lokaci-lokaci ina cewa ya motsa yatsu, har ya gaji ya ce, “Yaya, ko ciniki ba ka naci haka.” A mota ma tafiyar jaki muka yi, masu a-daidaita-sahu na wuce mu suna tsaki.

A asibitin Haɗeja aka sa masa abin wuya mai tauri, aka tura mu Kano. Hoto ya nuna gaɓa ɗaya ta wuya ta tsage, kumburi ya matse lakar, amma ba ta yanke ba. Ya daɗe a kwance. Ranar da ya fara tsayawa, riƙe da ƙarfen gado, ni na fita waje don ba na son matarsa ta ga fuskata.

Yau yana tafiya da ƙafarsa. Yatsu biyu na hannun hagu ba su dawo ba, babur kuma ya bar shi, shi ke zama a rumfa yana ware manyan kifi da ƙanana. Baffa har gobe yana gaya wa mutane da an kai shi wurin maɗori da yatsun ma sun warke. Ina zuwa gaishe shi kowace Sallah duk da ya hana, ya amsa a taƙaice, in ajiye masa kifinsa in tashi. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan ba shi ba.

Mai ɗakin inji kuwa, na yi masa sabon ƙyaure, tsohon na riƙe. Yana jingine a bayan rumfata, 'yan dako duk sun san inda yake. Sun kuma san in mutum ya faɗo daga mota, wanda ya fara kai hannu hammatarsa da ni zai yi.