Maigarin da Garinsa ke Buhu

Kafin matan Dumega su gama shara, Malam Is'haƙa ya buɗe ɗakin injin niƙan da gwamnati ta kafa wa manoman alkama. Zai duba mai, ya yi bisimilla, ya tayar. Daga nan mai magana da shi sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken fadama. Hantsi na yi ya zama fari fat, har gira. Shi ya sa muke ce masa Maigari, shi kuwa ya ce nasa garin a buhu yake, ba ya kawo ƙara.

Wata shekara mutane suka koma noman dankali, alkama ta ja baya. Sai labari ya zo cewa in rani ya wuce injin na zaune, za a kwance shi a kai wani gari. Mata suka fara hararar dutsen niƙan da suka jingine a bayan ɗaki.

Taubashiyarsa Marwa ce ta ba ni sauran labarin. "Alkamar da ya aje don azumi ita yad ɗauko, yab bi mu gida-gida da gwangwani. Yac ce mu shibka, in ta yi mu kawo. Nic ce, kai mi za ka ci? Yac ce hura ba ta yi mai laihi ba."

Matarsa Afra'u ta yi kwanaki tana ajiye masa tuwo cikin fushi. Amma ranar da masu kwance inji suka iso, layin ƙwaryar sabuwar alkama suka tarar har bakin hanya. Suka koma da alkaki a leda, inji na nan yana ruri.

Kai ne ka ciyar da inji da abincin bakinka, Is'haƙa. Kai ne ba ka taɓa bari barkonon wata ya shiga garin wata ba. Mun gode, Allah Ya saka. Matasa, ga irin da ya kamata ku karɓa ku shuka.

Ranar da ya ajiye aiki ya zo cikin wanka da sabuwar riga, kan nan fari kamar kullum. Marwa ta kai mayafi ta kaɗe, ta sake kaɗewa.

"Bari wahal da kanki," in ji shi yana dariya. "Wanga ba ya hita."

Mu da muka ɗauka gari ne, ashe a bakin injinmu ya yi furfura.