Ƙodar Ɗan Fari

A shekarar da na gama karatu a Alƙahira, ina zaman jiran takardar shaida, babu aikin da nake yi sai raka abokin ɗakina wankin ƙoda. Ɗan Maraɗi ne, shekara huɗu muna ɗaki ɗaya a unguwar Hayyin Ashir. Sau uku a mako muke shiga mikrobas, ƙaramar motar haya, da safe, a jona shi da inji, ni kuma in zauna a gefe ina kallon jininsa yana fita yana komawa.

"Malam," in ji shi wata rana, "ka daina kallon injin nan kamar shi zai yi maka jarrabawa. Yalla, maza je ka sha shayi."

Na so in ba shi ƙodata ɗaya, ko kuwa in ce ina jin na so, don ban san abin da zan yi ba da an ce to. Gwaji ya nuna jininmu bai zo ɗaya ba, aka koma jiran ƙanensa daga gida. Abin kunya, sai da na ji sanyi a raina. Wannan sanyin ne ya hana ni sukuni, har na soma tunanin wasiyya: idan na mutu, a ɗauki abin da zai amfani wani.

Ni mutum ne da ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta sau uku. Na yi makonni ina bin maganganun malamai. A iya fahimtata, da yawa sun halatta bisa sharuɗɗa, kada a sayar, a tabbatar da mutuwa, a samu yardar mai jikin. Wasu sun hana, kuma hujjarsu ba abin rainawa ba ce. Daga ƙarshe na tambayi likitar sashen, wata dattijuwa 'yar Masar.

Ta ce akwai ofishin da ake tabbatar da irin wannan wasiyya, ko da yake ba ta da tabbacin yadda ake yi da baƙi. Sai ta cire tabarau ta dube ni.

"Rubuta, yana da kyau. Amma ranar da abin ya zo, masu kuka ake fuskanta, ba takarda ba. Mahaifiyarka ta sani?"

A nan gizo yake saƙa. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take cewa. Tun da mahaifinmu ya rasu, duk maganar da ta wuce gaisuwa tsakanina da ita, ta bakin Gwaggo take bi, ƙanwar mahaifina da ta raine ni. Don haka na yi abin da na saba. Na aika wa Gwaggo saƙon murya mai tsawo, cike da "idan" da "wataƙila", na ce ta isar.

Kwana biyu babu amsa. A rana ta uku, muna asibiti wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Kawu, yayan Inna, ya kira. Ban gama sallama ba ya katse ni.

"Kai, karatun da aka tura ka ke nan? Ƙodarka za ka sayar wa Larabawa?"

"Kawu, ba sayarwa ba ne, kuma ba yanzu ba..."

"Da yaushe? Uwarka tun shekaranjiya ba ta sa komai a bakinta ba. Ka tattaro kayanka ka dawo."

Ya kashe wayar. Daga baya na gane yadda aka yi. Gwaggo ta ji nauyin faɗa wa uwa maganar mutuwar ɗanta, sai ta cire mutuwar daga saƙon, ta ce kawai zan ba da ƙoda. Sauran kuma labaran da ake ji game da masu zuwa ƙasashen waje suka cike. Ban ga laifinta ba. Ni ne na ɗora mata kayan da ba nata ba.

Abokina ya ji komai daga kan gadonsa. Leɓɓansa sun bushe, amma sai da ya yi murmushi.

"Khalas, ya isa haka, ka kira tsohuwa da kanka."

"Ba a yi."

"Ni ma da ba a yi mini wanki kamar riga. Kira ta."

Na fita baranda. Ƙarar hon ɗin motoci ta cika titi, na danna lambar ƙanwata. Na ce ta kai wa Inna wayar, ta buɗe murya. Na ji takunta, na ji an ɗaga labule.

"Inna, ina kwana."

Ina jin numfashinta.

Na yi bayani. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba, kuma ina jin ban yi ta da kyau ba. Na ce ba wanda zai taɓa ni ina da rai. Na ce wasiyya ce, bayan mutuwa, kyauta. Na gaya mata halin da abokina yake ciki, yadda ƙafafunsa ke kumbura, yadda ake auna masa ruwan sha da ɗan kofi. Na ce idan ba ta yarda ba, zan bari, kuma da gaske nake, duk da ban san yadda zan koma in zauna kusa da injin nan ba.

Da ta buɗe baki, ba da ni ta yi magana ba, da ƙanwata ta yi.

"Tambayi wancan, za a yi masa wanka?"

"Za a yi, Inna."

"A sa masa likkafani, a yi masa salla?"

"Duka, Inna. Malaman da suka halatta sun ce..."

"Ban tambayi malamai ba."

Na duba wayar ko layin ya yanke. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta yi mini alama cewa an kusa cire abokina daga inji, na ɗaga mata hannu.

"Gaya masa," in ji Inna, "in na riga shi tafiya, kuma abin da nake roƙon Allah ke nan, ya yi abin da ya ga zai tarar a gaba. In kuwa shi ya riga ni, kada kowa ya zo ya tambaye ni. Bakina ba zai iya cewa e ba. Amma ba zan hana ba. Ke za ki amsa musu."

Ƙanwata ta fashe da kuka. Inna ta ce mata ta yi wa mutane shiru, ta je ta ɗumamo mata kunu.

Har yau ban san ko in kira wannan izini ba. Na juya maganar sau da yawa, na kuma tambayi wani malaminmu, ya ce shi a ganinsa ta isa. Ban sani ba ko takardar baƙo irina za ta yi aiki a Masar, balle a gida. Duk da haka, a makon da ya biyo baya na rubuta wasiyyar da Larabci da Hausa, mutum biyu suka shaida. A wurin wanda za a tuntuɓa na sa sunan ƙanwata, na aika mata hoton takardar, na ce ta adana inda za ta iya samu da sauri, ba inda Inna za ta gani ba.